Wane kodek ya fi dacewa da matse finafinan da aka kwafe daga faifai?

Tambaya: Malam, ina da faya-fayan finafinai da na daɗe ina saye, DVD wajen ɗari biyu, Blu-ray kusan tamanin, da na 4K guda goma. Na fara kwafe su zuwa rumbun kwamfuta don in huta da neman faifai duk lokacin da zan yi kallo, sai na ga wuri na neman ƙarewa tun ban yi nisa ba. Wani ya ce in matse su da H.264, wani ya ce H.265, wani kuma ya ce duk tsohon yayi ne, AV1 ake yi yanzu. Wanne ya fi?

Amsa: Kafin mu kai ga sunan kowane kodek, ɗan'uwa, tashi ka leƙa bayan talabijin ɗinka, ko ƙaramin akwatin da kake jona masa, ka rubuto lambar samfurin. Ka haɗa da wayar da kake kallo da ita in kana tafiya. Waɗannan na'urori su za su yanke rabin hukuncin, domin kodek ɗin da ya fi kowanne iya matsi ba shi da wata rana in na'urarka ba ta iya buɗe shi. Sauran rabin kuma irin faifan da ka kwafo ne zai yanke shi. Abin da ya karɓi Blu-ray ba lallai ya karɓi DVD ba.

Akwai abu uku da mutane ke cakuɗawa su kira su da suna ɗaya. Na farko akwati ne, wato MKV ko MP4, inda ake zuba hoto da sauti da rubutun fassara. Na biyu shi ne kodek, ƙa'idar da aka bi aka rubuta hoton, irin su MPEG-2 da H.264 da H.265 da AV1. Sai manhajar da ta yi rubutun, kamar x264 da x265 da SVT-AV1. Kodek harshe ne, manhajar kuwa marubuci. Mutum biyu za su yi rubutu da harshe ɗaya, wannan ya gama magana a layi uku, wancan ya cika shafi bai kai inda za shi ba. Shi ya sa in wani ya ce maka H.265 ya ba shi hoto mara kyau, tambayar farko ita ce: da me ya matse?

Ka kuma sani cewa abin da ke cikin faifan an riga an matse shi tun daga masana'anta. DVD na ɗauke da MPEG-2, kuma hotonsa ba ya wuce megabit 9.8 a daƙiƙa. Blu-ray, wanda ya fito a 2006, yana zuwa da H.264 ko VC-1 ko MPEG-2, har zuwa megabit 40 a daƙiƙa. Na 4K, da ya shigo kasuwa a 2016, H.265 ne mai bit 10. Manhaja irin MakeMKV ba ta taɓa hoton, tana ɗebo shi ne yadda yake ta zuba a MKV. Duk abin da ka yi bayan haka matsi ne a kan matsi, kuma kowane zagaye sai ya zubar da wani abu da ba ya dawowa. Babu kodek ɗin da zai sa fim ya fi faifansa kyau. Gwaninta ita ce a zubar da abin da ido ba zai yi kewarsa ba.

Ga lissafin da nake so ka riƙe a ka: megabit 1 a daƙiƙa, in fim na awa biyu ne, yana cin megabayit 900. Da shi za ka iya auna komai. Fim ɗin DVD, in ka cire tallace-tallace da ƙarin abubuwan da ke faifan, yakan tsaya tsakanin gigabayit 4 da 7. Na Blu-ray tsakanin 20 da 35. Na 4K yakan haura 50. To duba tarinka. DVD ɗari biyu, mu ce 6 kowanne, terabayit 1.2 ke nan. Blu-ray tamanin, mu ce 30 kowanne, terabayit 2.4. Ka ga faya-fayan da ba su kai rabin DVD yawa ba su ne suka ci ninkin wurinsu. Blu-ray ɗin da ka matse yakan dawo maka da wajen gigabayit ashirin, DVD kuwa da ƙyar ya ba ka huɗu, ga shi ya fi bukatar lallami. Don haka da Blu-ray za ka fara.

A kan Blu-ray, zaɓina H.265 ne ta hannun x265, mai bit 10, in dai na'urorinka na buɗe shi. An kammala wannan ƙa'ida a 2013 da burin ba da hoto irin na H.264 a rabin girma. A abin da na gani da idona, rabin nan yana samuwa ne idan aka matse sosai ko kuma a hoton 4K. In kana neman hoton 1080 da ba za a bambance shi da faifai ba, ribar takan sauko zuwa kashi ɗaya cikin huɗu ko cikin uku. Duk da haka riba ce, a fim tamanin ba ƙaramin wuri ba ne.

Za ka ce, Blu-ray ai bit 8 ne, me ya kawo maganar bit 10? Nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ba launi ake ƙara wa fim ɗin ba. Bit 8 na ba kowane launi matakai 256, bit 10 na ba shi 1024. Lokacin da manhajar ke lissafinta, sai ta riƙa gutsure 'yan ragowar lambobi, kuma in matakan sun yi kaɗan, gutsurar nan takan bayyana a wurin da launi ke sauyawa a hankali. Ka lura da sararin sama bayan faɗuwar rana a fim, ko bangon ɗaki mai duhu da fitila ɗaya ke haskawa. Maimakon hasken ya narke cikin duhu sannu a hankali, sai ka ga ya yi zobe-zobe, layi bayan layi, kamar an jera matakala. Bit 10 na rage wannan ƙwarai, kuma fayil ɗin ba ya ƙara girma, wani lokaci ma raguwa yake yi. Kusan duk na'urar da ke buɗe H.265 a yau tana buɗe mai bit 10, saboda shi ake amfani da shi a bidiyon HDR, wato mai faɗin tazara tsakanin haske da duhu.

Amma kada ka ɗauki wannan dabara ka kai ta H.264. Na taɓa yin wannan wauta. Na matse wasu finafinan zane guda goma sha biyu da H.264 mai bit 10, na kalla a kwamfuta, hoto tas, har ina yaba wa kaina. Da na jona rumbun a talabijin, sauti na tafiya, allo kuwa kore shar da ɗigo-ɗigon ja. Kwamfuta ta buɗe shi ne da ƙarfin masarrafarta, talabijin kuwa ya dogara da wani ɗan guntun ƙarfe da aka gina masa, wanda H.264 mai bit 8 kawai ya sani. Kwana uku na aiki suka tafi a banza. H.264 dai a bar shi a bit 8, domin duk darajarsa a nan take: tun 2003 yake, kuma da wuya ka sami waya ko talabijin ko burauza da za ta ƙi shi. In a gidanka akwai tsohuwar na'ura ko da guda ɗaya ce da ake yawan kallo da ita, ko kana ba 'yan'uwa fayil ba ka san da me za su buɗe ba, ka zauna kan x264, ka yafe ɗan wurin da zai ƙara ci.

AV1 kuwa, wanda abokinka ya ce shi ake yayi, bai yi ƙarya ba. Ya fito a 2018 daga haɗakar kamfanoni irin su Google da Netflix da Amazon da Intel da Mozilla, kuma ba a biyan kuɗin lasisi a kansa, saɓanin H.265 da rikicin lasisinsa ya hana burauzoji da yawa karɓarsa tsawon shekaru a baya. Da farko matse fim ɗaya da shi sai ka yi gemu kana jira, amma SVT-AV1 ya gyara wannan, yanzu saurinsa na gogayya da x265. Yana kuma da wata hikima da nake so, zan zo kanta. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen buɗewa. Katin hoto na Nvidia ya fara buɗe AV1 ne daga jerin RTX 30, Intel daga ƙarni na 11, Apple kuwa sai a 2023, da iPhone 15 Pro da kwamfutoci masu M3. Talabijin da aka saya kafin 2020 kusan duk ba su san shi ba. In kana amfani da Plex ko Jellyfin, manhajojin da ke aika fim daga kwamfuta zuwa na'urorin gida, na'urar da ba ta iya AV1 za ta sa uwar garken ta riƙa sake matse fim ɗin nan take tana aika mata, ga zafin kwamfuta, ga hoto ya sake raguwa. An gudu ba a tsira ba ke nan. In duk na'urorinka sababbi ne, kuma ka gwada ka gani, AV1 zaɓi ne mai kyau. H.266, da aka kammala a 2020, ka manta da shi tukuna, masu buɗe shi ba su yawaita ba.

Yanzu ga abin da ya fi sunan kodek tasiri: yadda ka saita shi. Kada ka ce wa manhaja kowane fim ya zama gigabayit 4. Fim ɗin da mutum biyu ke zaune a ɗaki suna hira ba ya bukatar abin da fim ɗin yaƙi mai hayaƙi da ruwan sama ke bukata. Ka gaya mata ingancin da kake so, ita ta nemo girman. Wannan shi ne CRF, wanda HandBrake, manhajar matse bidiyo, ke rubutawa RF. Ƙaramar lamba na nufin hoto mai kyau da babban fayil. A x264 da x265 ma'aunin daga 0 ne zuwa 51, kuma bisa ƙiyasi, duk ƙarin 6 na raba girman fayil biyu. Ga hoton 1080 ana zama tsakanin 20 da 24, ni kan fara daga 20 ko 21. Ga DVD sai a sauko tsakanin 18 da 22, saboda ƙaramin hoto ne da za a buɗa ya cika babban allo, duk aibin da ke jikinsa da shi za a buɗa. Ma'aunin SVT-AV1 ya kai 63, saboda haka 22 ɗinsa ba 22 ɗin x265 ba ce, a can wajen 25 zuwa 30 za ka fara laluba. Ko tsakanin x264 da x265 ma lambobin ba ɗaya suke ba, kada ka sa musu lamba guda ka ce ka yi gwajin adalci.

Sai saurin aiki. A x264 da x265 za ka ga matakai daga ultrafast har placebo. Gwargwadon yadda ka ba manhajar lokaci, gwargwadon yadda za ta duba firem (hoto guda cikin jerin hotunan da ke yin fim) ɗin baya da na gaba ta gano abin da bai sauya ba, don kada ta sake rubuta shi. A x265 matakin slow shi ne inda kwalliya ke biyan kuɗin sabulu, bambancinsa da medium ana ganinsa, abin da ya wuce slower kuwa wutar lantarki kawai kake ƙonawa. A SVT-AV1 lambobi ne, ƙarama ta fi jinkiri, 4 zuwa 6 sun isa.

Za ka ga wasu zaɓuɓɓuka masu suna NVENC ko Quick Sync ko VideoToolbox, kuma in ka gwada za ka sha mamaki, fim ɗin da x265 ya kwana yana yi su gama shi kafin ka gama cin abinci. Waɗannan matsi ne da guntun ƙarfen katin hoto ke yi. An gina su don watsa bidiyo kai tsaye, inda sauri ne kan gaba. Sababbinsu sun inganta, ban raina su ba, amma a girman fayil ɗaya har yanzu x265 a matakin slow ya fi su riƙe ƙananan bayanai, musamman a duhu. Kai ajiya za ka yi, sau ɗaya za ka matse, shekaru za ka yi kana kallo. Ka bar kwamfutar ta kwana tana aiki. In kuma fim ne da za ka sa a waya ka kalla a hanya ka goge, to katin hoto ya wadatar.

Abin da ke karya lissafin kowa shi ne tsakin fim, wato ɗigo-ɗigon nan kamar rairayi da ke rawa a jikin hoton da aka ɗauka da tsohuwar kyamara mai zare. Tsakin nan sabo ne a kowane firem, babu abin da manhaja za ta aro daga firem ɗin baya, saboda haka yana shan wuri kamar me. Fim ɗin zane na zamani zai iya saukowa gigabayit 3 da lambar da za ta bar tsohon fim na shekarun 1970 a 15. x265 yana da halin shafe tsaki don ya rage girma, sai fuskar ɗan wasa ta koma sumul kamar ta 'yar tsana, gashin gemu ya haɗe, saƙar riga ta ɓace. In ka ga haka, ka kashe abin da ake kira SAO ta hanyar rubuta no-sao a wurin ƙarin umarni, ko ka rage lambar RF. A irin waɗannan finafinai x264 da saitin film yakan ba ni sakamakon da ya fi kwanta min a rai, kuma bambancin girman ba ya da yawa. Hikimar AV1 da na ambata a nan take: yana iya auna yanayin tsakin, ya rubuta bayaninsa a 'yan lambobi, na'urar kallo ta ƙirƙiro makamancinsa ta yayyafa a kan hoton. Wurin da ake samu ba kaɗan ba ne. Sai dai tsakin ba na asali ba ne, kwaikwayo ne, kuma akwai masu kallon da wannan ke damunsu. Ni daga kan kujera ban cika gane bambancin ba.

DVD kuma matsalarsa ba ta kodek ba ce. Hotonsa 720 a 480 ne a tsarin NTSC na Amurka da Japan, ko 720 a 576 a tsarin PAL na yawancin Turai, kuma a wannan ƙanƙanta H.265 ba ya ba da wata riba ta a zo a gani. x264 ya isa. Abin da za ka sa wa ido shi ne yadda aka jera firem. Fim ana ɗaukarsa firem 24 a daƙiƙa, talabijin na NTSC kuwa kusan 30 yake so, sai aka riƙa maimaita rabin firem don cike giɓin. Ka tsayar da hoton inda wani ke motsi, ka riƙa matsawa firem ɗaya-ɗaya. In ka ga uku sun fito tas, biyu kuma gefen hannun mutum ya yi haƙora kamar matsefi, to abin da ake kira telecine ne, maganinsa tacewar detelecine, wadda za ta maido da fim ɗin 23.976. In kuwa kowane firem mai motsi yana da haƙoran, to da kyamarar bidiyo aka ɗauka, kamar wasannin talabijin da kiɗe-kiɗen dandali, wannan deinterlace yake so. In ka ba wannan maganin wancan, ko dai motsi ya riƙa tsalle, ko ka zubar da rabin kaifin hoton. Kada kuma ka buɗa DVD zuwa 1080 wai don ya yi kyau, talabijin ɗinka zai yi wannan da kansa lokacin kallo. Gaskiya in rumbu bai matsa maka ba, ka bar DVD yadda MakeMKV ya ba ka su.

Na 4K guda goman nan ma shawarata ke nan, ka ƙyale su. Ka saye su ne don hoton da ya fi kowanne, kuma duka-duka ba su wuce gigabayit 600 ba. In ya zama dole, H.265 ko AV1 mai bit 10 kawai, RF wajen 22 zuwa sama a x265, kuma ka tabbata bayanan HDR sun bi fayil ɗin, in ba haka ba launuka za su fito a koɗe kamar rigar da ta sha rana. Dolby Vision na faifai kuwa hawa biyu yake zuwa, kuma in aka sake matsewa hawa na biyun ba ya tsira.

Kada ka manta da sauti, don na sha ganin wanda ya sha wahala ya maido da hoto gigabayit 5, ya bar sautin da ya kusa kai haka. Dolby TrueHD ko DTS-HD mai tafiya a megabit 4 zai ci gigabayit 3.6 a awa biyu. AC3 mai kilobit 640 bai kai megabayit 600 ba, kuma kusan kowace na'ura na karanta shi. In kana da babban amfilifaya da lasifikoki kewaye da ɗaki, ka bar na asali, domin Atmos, sautin nan mai zuwa ta ko'ina har ta sama, a cikin TrueHD yake, in ka sauya ya tafi. In da lasifikar talabijin kake ji, AC3 ko AAC ya ishe ka. Na DVD mai kilobit 448 ka wuce da shi yadda yake. Rubutun fassarar faifai kuma hotuna ne ba haruffa ba, VobSub a DVD, PGS a Blu-ray, kuma MP4 ba ya ɗaukar PGS, wanda shi ne babban dalilin da ya sa nake zama kan MKV.

Doka kan cire kariyar faifai ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Amurka dokar DMCA ta 1998 ta hana karya kariyar ko da faifan naka ne, don haka ka san ta inda kake. Faya-fayan kuma kada ka rabu da su, su ne asalin da za ka koma wa in rumbu ya mutu ko ka gano ka yi kuskuren saiti.

Kafin ka jera fim tamanin a layi, ɗauki uku: tsoho mai tsaki, sabo mai yawan duhu, da na zane. HandBrake na ba ka damar zaɓar babi ɗaya ko 'yan daƙiƙoƙi, ka yanko minti biyar daga kowanne, daga wurin da ya fi wuya, dare ko hayaƙi ko ruwa. Matse kowanne da x265 mai bit 10 a RF 20 da 22, ka ƙara da x264 a 19, da AV1 in kana sha'awa. Ka sa su a rumbu ka kai talabijin, ka kashe fitila, ka zauna inda ka saba zama, ba ka manna ido a allon kwamfuta kana tsayar da hoto ba. Ka duba ko ya buɗe, ko yana sarƙewa in ka tura gaba, sannan ka kalli kusurwoyi masu duhu da fatar fuska. Ka kuma lura da yankan baƙin gefe da manhajar ke yi da kanta, domin akwai finafinan da hotonsu ke buɗewa ya cika allo a wasu fitowa, kamar waɗanda aka ɗauki wani sashensu da kyamarar IMAX, in ta auna daga wurin da hoton yake siriri za ta sare wa mutane kai a sauran. Irin waɗannan ka sa yankan a sifili da hannunka.